Ruɓewar hanji a jarirai: waɗanne ne suka fi fuskantar haɗarin hujewa?

Cutar ruɓewar hanji, wadda likitoci ke kira NEC a taƙaice, tana cikin cututtukan da suka fi halaka jarirai bakwaini. Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu kamuwa da ita jarirai ne da aka haifa kafin cikarsu wata tara.

Cutar kan sa bangon hanji ya kumbura, wani sashe nasa ya mutu. Idan abin ya tsananta sai hanjin ya huje, ƙazanta da ƙwayoyin cuta su malala cikin cikin jaririn. A tsarin matakai uku da likita Martin Bell da abokan aikinsa suka fitar a 1978, hujewar hanji tana cikin mataki na ƙarshe, mafi muni.

Masu haɗari

Haɗarin ya fi yawa ga jaririn da nauyinsa bai kai gram 1,000 ba, ko wanda aka haifa kafin mako 28 na ciki, domin hanjinsa bai yi ƙwari ba. Haka kuma ga wanda aka haifa da ciwon zuciya, saboda jini ba ya isa hanjin yadda ya kamata.

Akwai kuma alamun da ke nuna cewa hanji na dab da hujewa: raguwar ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, faɗuwar ƙarfin bugun jini, jan fatar ciki, da ganin iska a jijiyar da ke kai jini hanta idan aka ɗauki hoton ciki.

Nonon uwa

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 1990 ya gano cewa bakwainin da ake ba madarar gwangwani zalla sun ninka masu shan nonon uwa zalla kamuwa da cutar sau 6 zuwa 10.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawansu.

Kumburin ciki, koren amai, jini a kashi, ko ƙin karɓar nono, duk alamu ne da ke buƙatar a garzaya asibiti. A can akan dakatar da shayarwa, a ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa. Amma da zarar hanji ya huje, sai an yi tiyata cikin gaggawa.