Ɗan Sarki Cikin Kakin Soja: Rayuwar Manjo-Janar Hassan Usman Katsina



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi rayuwar Manjo-Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina, mu ga yadda ya riƙe Jihar Arewa a lokacin da ta rasa shugabanninta, da kuma yadda aka raba ta a hannunsa.

An haife shi a Katsina cikin 1933. Ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne, jikan Sarki Muhammadu Dikko. Bayan ya gama Midil ta Katsina da Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga aikin soja a 1956. A wancan zamani mutanenmu ba su ɗauki soja aikin 'ya'yan manya ba, saboda haka shigarsa ta ƙarfafa wa iyaye da yawa gwiwa. Ya sami horo a Teshi ta ƙasar Gana da makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, daga baya kuma ya yi aiki a Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardaunan Sakkwato da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da manyan hafsoshin Arewa, watau Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar Yakubu Pam. Hassan a lokacin Manjo ne mai shugabancin rundunar motoci masu sulke a Kaduna. Kwanaki kaɗan bayan haka Janar Ironsi ya naɗa shi Gwamnan Soja na Jihar Arewa, yana da shekara 32. Abin da ya sa jama'a suka karɓe shi abu biyu ne: sarakuna suna ganinsa ɗansu, sojoji kuma suna ganinsa nasu. Da yake bai san aikin mulki ba, sai ya jingina da gogaggun ma'aikata irin su Malam Ali Aƙilu, Sakataren Gwamnati.

Wajibi ne mai nazarin tarihi ya faɗi ɗaci kamar yadda yake faɗin zaƙi. A zamanin mulkinsa ne aka yi tarzomar watan Mayu 1966, bayan Doka ta 34 wadda ta soke tsarin tarayya, sannan aka yi wadda ta fi ta muni a Satumba da Oktoba, inda dubban mutanen Gabas suka rasa rayukansu. Hassan ya yi ta kiran jama'a su mayar da wuƙa kube, har ya tafi Kano da kansa sa'ad da sojojin Bataliya ta Biyar suka yi bore. Duk da haka gwamnatinsa ta kasa tsare baƙin da ke zaune ƙarƙashinta, kuma wannan rashi yana cikin abubuwan da suka jawo yaƙin basasa, wanda taron Aburi na Janairu 1967, da shi ma ya halarta, bai iya hanawa ba.

To, a nan ne muka zo ga abin da ya fi dacewa ma'aikata su lura da shi. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, shida daga cikinsu a Arewa. Mutumin da ke mulkin fiye da rabin ƙasar ya wayi gari ba shi da jiha, bai kuwa ja da wannan hukunci ba. Shi ya shugabanci hukumar wucin gadi da ta riƙe kayan gādon Arewa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da jaridar New Nigerian da gidan rediyon Kaduna, yayin da ake rarraba ma'aikata da motoci da fayil-fayil tsakanin sababbin jihohi. A zamaninsa kuma aka tsai da shawarar soke kotunan sarakuna da karɓe alƙalai daga hannun En'e, aka fara aiki da ita a 1968. Ku tuna, cikin kotunan da aka soke har da ta mahaifinsa.

Daga 1968 zuwa 1971 shi ne Babban Hafsan Sojojin Ƙasa. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa, cikin Janairu 1970, kuma ɗaukarsu da horar da su da ciyar da su duk sun bi ta ofishinsa. Ya bar aiki a 1975 bayan hamɓarar da Gowon, ya koma ga wasan folo da ya gada daga kakansa, da sasanta tsakanin manya. Allah ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Yuli 1995.

Masu iya magana sun ce riƙon kaya ya fi ban cigiya. Hassan ya karɓi amanar Arewa cikin tashin hankali, ya miƙa ta ga jihohi shida ba tare da an yi faɗan gado ba. Duk ma'aikacin da aka ce ya miƙa ofishinsa ga wani, ya auna kansa da wannan ma'auni. Allah ya jiƙansa.