RAKIYA: DAGA ƘOFAR BIRNI ZUWA ƊAGA HANNU A TASHA



Duk wanda ya taɓa kai wani tashar kar da asuba, a Maradi ko Damagaram ko Tawa, ya san abin da za mu faɗa. Ƙarfe huɗu da rabi, sanyi na kaɗawa, an gama loda kaya, ana kiran sunayen fasinja ɗaya bayan ɗaya. Kar na ɗagawa sai ka ga hannuwa sun tashi sama. Wani ya ɗaga sau ɗaya, ya hau kabu-kabu ya yi gaba. Wata tsohuwa kuwa tana nan tsaye, hannunta a sama, har jar fitilar bayan motar ta sha kwana. Ta san da wuya a gan ta cikin wannan duhun, amma ba ta sauke ba.

Wannan hannun yana da tarihi. Guntun abin da ya rage mana ne daga wata al'ada da kakanninmu ke yi da ƙafa, wato rakiya.

Mu da muka tashi a gidaje masu zaure mun san rakiya hawa-hawa ce. Baƙuwa in ta ce "bari in tashi, rana ta yi", ba a barinta ta fita ita kaɗai. Uwar gida ta jawo mayafi ta ce "bari in taka miki". In matar kulle ce iyakarta bakin zaure, daga nan ta haɗa baƙuwar da yara su ɗaukar mata ƙullin tsaraba har bakin hanya. Wajen maza ma haka ne. Maƙwabci ana taka masa zuwa ƙofar gida. Wanda ya zo daga wata unguwa a kai shi kwana ko bakin masallaci. Wanda ya zo daga wani gari kuwa sai tasha, in a ƙauye ne har bayan gari inda gonaki suka fara. Kuma baƙo ne ke yanke rakiya. Shi zai tsaya ya ce "to, ya isa haka, ku koma", sai ya faɗa sau biyu ko uku kafin a yarda. Sannan a ce masa "ka sauka lahiya, a gaida mutanen gida", ya ce "za su ji". Mai gidan da ya juya tun ba a sallame shi ba, ana cewa dama ya gaji da baƙon.

Manya sun san wani sirrin kuma: sau da yawa ainihin abin da ya kawo baƙo ba ya fitowa sai a hanyar rakiya. A cikin gida an sha ruwa, an ci tuwo, an yi hirar damina. Sai an fito, babu kunnen yara babu na kishiya, sannan za a ce "dama wata ƴar magana ce ta kawo ni". Rance, neman aure, sulhun ƴan'uwa, da yawa a tsaye aka ƙulla su, tsakanin ƙofar gida da bakin titi.

To me ya sa kakanninmu suka ba wannan abu muhimmanci haka? Saboda a zamaninsu tafiya da mutuwa maƙwabtan juna ne.

Mu ɗauki Damagaram ta tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwa. Cikin ganuwa gida ne, bayanta kuma Zango, masaukin ayari da fatake. Wanda ya fita ƙofar gari ya wuce Zango, to ya shiga hannun Allah. Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro, a kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau, da jakuna suke tafiya ɗauke da kanwa da tufafi da fata, ƙarƙashin madugu. Tafiyar watanni ce, wani lokaci ta cinye shekara. Ga ƴan fashi, ga koguna, ga ciwo. Ta arewa kuma ayarin raƙuma na tashi daga ƙasar Agadas da kaka, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, wajen kilomita 600 na rairayi, ya ɗauko gishiri da dabino ya gangaro da su kasuwanninmu na kudu a musanya da hatsi. Mutumin da zai shiga irin wannan hanya ba a sallamarsa daga kan tabarma. Ana binsa a ƙafa har inda ƙafa za ta iya, don kowane taku ƙarin lokaci ne da shi.

Tafiyar da ta fi kowace tsawo ita ce hajjin ƙasa. Kafin jirgin sama, maniyyaci daga nan gabas yake nufa: ya bi ta Barno, ya tsallaka Cadi ta yau, ya ratsa Wadai da Darfur, har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Guzuri na ƙarewa a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara na gaba. Shi ya sa ake shekaru ba a dawo ba, wasu ma ba su taɓa dawowa ba. Da yawa sun zauna a Sudan, suka yi aikin auduga a Jazira, jikokinsu na can har gobe suna jin Hausa. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu mai shuɗi, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Ban kwanan mai irin wannan tafiya kusan wasiyya ce. Zai biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bi dangi gida-gida yana cewa "ku yafe mini". A ce masa "mun yafe duniya da lahira, mu ma ka yafe mu". Ranar tashi unguwa ta fito, liman ya yi addu'a a bayan gari, a tsaya ana kallo har ƙura ta kwanta. Addini ma ya zo ya ƙarfafa abin: a bakin Madina akwai wata mashiga da ake kira Saniyyatul Wada'i, wato mashigar ban kwana, inda a zamanin da ake raka matafiya.

In ana son sanin darajar rakiya, sai a dubi waɗanda aka hana su ita. Zamanin bauta, yaro na gona ko bakin rijiya za a sure shi. Dorugu, ɗan wani ƙauye na ƙasar Kance, an kama shi yana ƙarami aka sayar. Daga baya ya samu ƴanci, ya bi Bature Heinrich Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855, ya bar labarin rayuwarsa da Hausa. Ya ga duniya fiye da sarakunan zamaninsa, amma ranar da ya bar ƙauyensu babu wanda ya taka masa. Zamanin Nasara ma an ɗebi samari aikin soja a yaƙin 1914 da na 1939, an ɗebi wasu aikin tilas na hanyoyi da gine-gine, har sai da aka soke shi a 1946. Wanda aka tasa ƙeyarsa ba ya tsayawa neman gafara.

Sannan mota ta zo, ita ce ta gajarta rakiya. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai, sai ga ma'aikaci da soja da ɗan lekol suna da tafiyar wajen kilomita 900 a gabansu. Kamiyon gyaɗa suka riƙa zirga-zirga daga Maradi da Damagaram zuwa Kano inda jirgin ƙasa yake. Bayan samun ƴancin kai a 1960 kwalta ta miƙe daga yamma zuwa gabas. Ana iya jerawa da jaki, ana iya jerawa da raƙumi ana hira, amma ba a jerawa da kamiyo. Da direba ya ba ta wuta, magana ta yanke. A ganinmu nan ne hannu ya karɓi aikin ƙafa: inda mutum ba zai iya bi ba, sai ya bi da ido, ya ɗaga hannu don na cikin mota ya san ba a juya masa baya ba. Lekol ta ƙara mana da "au revoir", yara suka koyi bin mota da gudu suna kaɗa hannu. Da hajji ya koma na jirgi, har jirgin da ke sama muka riƙa ɗaga wa hannu, wai ko alhajinmu na ciki.

Kowane gida da irin nasa salon. Akwai gidan da ba a fita sai an taru a zaure an shafa Fatiha. Akwai uban da zai kai ɗansa tasha da kansa, ya nemi wani dattijo cikin fasinja ya ce "Alhaji, ga amana nan, har Yamai". Akwai uwar da ba ta fitowa sam, musamman in ɗan fari ne, saboda kara. Tana ɗaki za ka durƙusa, ta ce "Allah ya yi maka albarka, Allah ya tsare", ta kau da kai. Sai ka isa ka buɗe jaka ka tarar da ƙuli-ƙuli da garin rogo da kilishi, ko alkaki in ƴar Damagaram ce, da ƴan kuɗi ƙulle a bakin tsumma. Mu da muka bar gida muna ƙanana don zuwa kwaleji ko lise a wani gari, mun daɗe muna zaton Inna ba ta damu ba ne. Sai da muka girma ƙannenmu suka ba mu labari cewa muna fita take zuwa bayan ƙyaure ta leƙa ta kafa har mu sha kwana. Ba a yi wa matafiyi kuka a gabansa, in ji manya. Kukan sai bayan ya tafi.

Yau fa? Tafiya ta yi sauƙi, ga salula a aljihun kowa. Ban kwana ya koma "in ka sauka ka yi mini bip". Baƙo zai tashi, mai gida na kishingiɗe idonsa a kan WhatsApp, ya ce "to sai an jima, ja mini ƙofar". Mun ɗauka tunda ana iya kira, ai ba a rabu ba.

Amma hanya ba ta daina cin mutane ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da ƙananan yara, da yawansu daga ƙasar Kance, ƙasar da aka sace Dorugu. Mu da ke aikin rediyo mun san wani gefen wannan labari, don ta hannunmu cigiya ke bi. Uba ya zo da hoton ɗansa ya ce ya tafi Libiya shekara uku ke nan babu labari. Ka tambaye shi yaushe suka rabu, ya ce "da dare ya fita, bai faɗa wa kowa ba, ya san za mu hana". Abin da ya fi ci wa irin waɗannan iyaye rai, sau da yawa, shi ne ba a yafi juna ba. Ko tafiyar kusa ba ta da tabbas. Da aka rufe iyakar Najeriya a watan Agusta na 2019, da kuma bayan watan Yuli na 2023, ƴan'uwa nawa tsakanin Maradi da Katsina suka rabu a kan "sai jibi", suka yi watanni ba su ga juna ba?

Ba muna cewa a koma zamanin jaki ba ne. Abin da muke tunatar da kanmu ƙarami ne. In baƙo ya tashi, mu ajiye waya mu taka masa ko da zuwa ƙofa. Mu tura yara su ɗauki kayan kakarsu, don a nan suke koyo. In namu zai yi tafiya, mu nemi gafarar juna ko da babu laifin da muka sani. Kai kuma saurayi mai shirin tsallaka hamada, ko za a hana ka, ka shiga ɗakin mahaifiyarka ka durƙusa kafin ka fita. In mun kai mutum tasha, mu daure mu tsaya har mota ta ɓace, minti biyu ne.

Bahaushe dai kalma ɗaya yake da ita ga abu uku: ana raka baƙo, ana raka amarya ɗakinta, ana raka mamaci makwancinsa. Biyun farko ne kawai mutum ke iya waiwayowa ya ga wanda ya fito dominsa.

Ku a gidanku yaya ake yi? Wa ke tsayawa har ƙarshe a bakin ƙofa?

Allah ya tsare matafiyanmu na tudu da na hamada, ya dawo mana da waɗanda muke cigiya, ya jiƙan waɗanda hanya ta riƙe. Amin.