Kaba

kaba (suna, mace): ganyen goruba, musamman na ƙaramar da ba ta yi tsawo ba, wanda ake saƙa tabarma da faifai da shi, a kuma tufka igiya. Misali: An yanko kaba za a saƙa tabarma.

A gonaki ana ganin kaba launi biyu, wata kore shar, wata mai toka-toka da ke ɗaukar shuɗi. Bambancin yana fitowa ne daga wani siririn kaki da ke lulluɓe ganyen, wanda ke mayar da hasken rana ya kuma rage asarar ruwa, shi ya sa ya fi bayyana a inda rana ke duka sosai. Wasu na cewa cuta ce, amma ganye mai cuta rawaya yake yi ya bushe, wannan kuwa in aka goge shi da yatsa koren zai fito. Wasu kuma na cewa gado ne. Duk da haka goruba ɗaya ce, kuma launin ba dalilin sare ta ba ne.