Tarantula da tsoron gizo-gizo: abin da ya kamata a sani

Da damina ta kankama a Tirmini, garin da ke yamma da birnin Zinder a kan hanyar Takeita, ƙwari kan yi yawa, gizagizai kuma su biyo bayansu: a kusurwar ɗaki, a bakin rumbu, a jikin zana. Yawancin mutane tsintsiya kawai suke sa musu su wuce. Amma akwai waɗanda ganin gizo-gizo kaɗai ke sa su zufa da faɗuwar gaba, har su ƙi kwana a ɗakin. A daidai wannan lokaci kuma, a wayoyin salula ana ta yawo da bidiyon mutanen Turai da Asiya riƙe da wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, girman tafin hannu, wanda suka saya da kuɗinsu suna kiwo a falo. Sunansa tarantula, masu jin Faransanci kuma sun fi saninsa da mygale. Kiwon tarantula ba al'adar ƙasar Damagaram ba ce, sai dai batun ya shafi yankin ta fuska biyu. Wasu daga cikin nau'o'in da ake sayarwa daga Afirka ta Yamma ake kwaso su, sannan masu binciken tsoro sun yi amfani da ita wajen gano yadda tsoro ke ruɗar ido.

Mece ce tarantula?

A wurin masana halittu, gizo-gizo ba ya cikin dangin fara da ƙuda da sauro. Su ƙafa shida gare su, shi takwas, kuma kunama ce 'yar'uwarsa ta kusa. A watan Afrilun 2022 kundin gizagizan duniya da ake ajiyewa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan ya rubuta nau'i na 50,000. Daga cikinsu sama da 1,000 ne tarantula, wato dangin da ake kira Theraphosidae.

Tarantula ba ta saƙa yana a sama don kamun ƙuda. Wasu a rami suke zama, wasu a kogon itace, su shafe bakin gidan da zare su yi kwanto. Idanu takwas gare ta amma ganinta kaɗan ne. Da gashin ƙafafunta take jin motsin abin da ke wucewa. Mafi nauyi a cikinsu ita ce Theraphosa blondi ta dazuzzukan arewacin Amurka ta Kudu, wadda kan kai giram 170, faɗin ƙafafunta kuma ya kusa santimita 30.

Sunan ya samo asali ne daga garin Taranto na kudancin Italiya. Shekaru ɗaruruwa mutanen yankin sun yi imani cewa cizon wani gizo-gizo na gonakinsu na jawo ciwon da ba ya warkewa sai an kawo makaɗa, majinyacin ya yi ta rawa har ya faɗi. (Wanda ya san bori ba zai rasa ganin kama ba.) Daga baya aka gano cewa gizo-gizon da ake zargi ba shi da wani dafin kirki, kuma ba ma ɗan wannan dangi ba ne. Sunan dai ya riga ya bi manyan gizagizan da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka.

Yadda ake kiwonta

Abin da ke jan masu kiwo shi ne sauƙin ɗawainiya. Akwatin gilashi ko na roba mai ƙofofin iska, ƙasa a ciki, wurin ɓuya, da ɗan murfi na ruwa: shi ke nan. Abincinta gyare da kyankyaso da fara masu rai, sau ɗaya a mako ko ma ƙasa da haka, kuma babba kan yi watanni ba ta ci ba ba tare da ta mutu ba. Ba ta kuka, ba ta wari. Amma amana ce mai tsawo, domin macen wasu nau'o'in ƙasar Meziko kan haura shekara 20, yayin da namiji ba ya daɗewa bayan ya balaga.

Kamar maciji, tarantula na yin saɓa. Idan lokacin ya zo sai ta kwanta rigingine kamar ta mutu, kuma sababbin masu kiwo da yawa sun jefar da dabbarsu tana da rai saboda rashin sanin haka. Bayan saɓar jikinta na da laushi na kwanaki, har gyare ma na iya yi mata rauni. Ɗaukarta a hannu, irin wanda ake gani a bidiyo, ba ya ƙara mata komai. Ba ta san mai ita ba yadda kare ko doki ke sanin nasa, kuma idan ta faɗo daga tsawon tebur cikinta na iya fashewa.

Masu kiwo sun raba tarantula gida biyu, kuma rabon na da muhimmanci. Na nahiyar Amurka galibi suna da sanyin hali. Makaminsu shi ne wani gashi mai ƙaiƙayi da suke kakkaɓowa daga bayansu, wanda kan yi illa idan ya shiga ido. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, saboda haka sun fi saurin gudu da saurin cizo, dafinsu kuma ya fi ƙarfi. Biyu daga cikin waɗanda aka fi sani 'yan Afirka ta Yamma ne: Heteroscodra maculata ta ƙasashen Togo da Gana, da Stromatopelma calceatum mai zama a kan itatuwan kwakwar manja. Cizonsu na kawo zafi mai tsanani da murɗewar tsoka na kwanaki, kuma babu wata allurar karya dafin tarantula. Duk da haka ba a tabbatar da mutuwar mutum ko ɗaya daga dafinta ba.

Ga mai sha'awar gwadawa a Zinder ko Maraɗi, babbar matsalar yanayi ce. Yawancin nau'o'in da ake kiwo sun fi son zafin da bai wuce digiri 28 ba, da ɗan laima. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin na haura digiri 40, hunturu kuma na busar da komai. A ɗaki mai rufin kwano da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, da wuya dabbar ta ga damina.

Kasuwa da doka

A watan Nuwamban 2024 jami'an filin jirgin birnin Lima na ƙasar Peru sun tsare wani ɗan Koriya ta Kudu mai shekara 28 saboda cikinsa ya yi wani irin kumburi. Da aka ɗaga rigarsa sai ga tarantula 320 da shanshani 110 a cikin ƙananan ledoji da robobi ɗaure a jikinsa. A watan Yulin 2025 kuma 'yan duwan na Jamus sun ba da sanarwar kama 'ya'yan tarantula kusan 1,500 a filin jirgin Kolon, an ɓoye su cikin kwalayen kek daga Biyetnam. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙirga nau'i 1,264 na gizagizai da kunamu da danginsu da ake cinikinsu a duniya, kuma kusan kashi 67 cikin 100 na dabbobin daga daji aka kamo su.

Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe kuma Nijar ta shige ta tun 1975, ta sa tarantulan Meziko na jinsin Brachypelma cikin jerinta, haka ma baƙar ƙatuwar kunamar nan da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin, tun 1995. Nau'o'in tarantula biyu na Afirka ta Yamma da aka ambata ba sa cikin jerin. A Faransa ba a yarda mutum ya ajiye mygale a gida ba sai da takardar shaidar ƙwarewa daga hukuma. A Nijar, farauta da kare namun daji na ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ne ya kamata a fara tambaya kafin a kama ko a aika wata dabbar daji waje.

Tsoron da ya wuce ƙyama

Ƙyamar gizo-gizo daban, ciwon tsoronsa daban. Likitoci na kiran na biyun arachnophobie, kuma alamarsa ita ce tsoron ya fi ƙarfin haɗarin nesa ba kusa ba, ya daɗe, sannan ya riƙa hana mutum harkokinsa: mace ta kasa shiga rumbu ɗebo hatsi, ɗalibi ya ƙi shiga makewayin makaranta, magidanci ya riƙa haska kowace kusurwa da tocila kafin ya kwanta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 3 zuwa 6 cikin 100, mata sun fi yawa. Alƙaluman daga ƙasashen Turai da Amurka suka fito.

Masana ba su gama sasantawa kan tushensa ba. A 2017 masu bincike a biranen Laifzig na Jamus da Ufsala na Suwidin sun nuna wa jarirai 'yan wata shida hotuna, suka ga ƙwayar idonsu ta fi buɗewa a kan gizo-gizo da maciji fiye da a kan fure da kifi. Wannan na nuna cewa ɗan Adam na zuwa duniya da saurin lura da waɗannan halittu. Amma lura ba ita ce tsoro ba. Yaron da ya ga uwarsa ta yi kururuwa ta haye gado ya ɗauki darasin da ba sai an maimaita masa ba.

Gwajin da ya fi bayyana lamarin shi ne na jami'ar jihar Ohio a Amurka, wanda aka wallafa a 2012. An sa mutum 57 masu wannan tsoro su matso kusa da tarantula a cikin buɗaɗɗen akwatin gilashi su taɓa ta da sanda, daga baya kowa ya ja layi a takarda daidai tsawon da yake jin ta kai. Iya tsoron mutum, iya ƙarin da ya yi wa girmanta. Ke nan mai cewa ya ga gizo-gizo kamar faifai ba lalle ƙarya yake yi ba. Haka ya gan shi.

Gizo a ƙasar Hausa, da inda haɗarin yake

Bahaushe bai ɗauki gizo-gizo dodo ba. A tatsuniya Gizo ne gwanin wayo, mai tsamin baki, mijin Ƙoƙi, kamar yadda Anansi yake a wurin Akan na Gana. Sura ta 29 ta Alƙur'ani, Ankabut, sunansa take ɗauke da shi, kuma yara na tashi da labarin yanar da aka saƙa a bakin kogon Sauru lokacin Hijira. Ko intanet ma yanar gizo aka raɗa mata.

Inda ake zarginsa shi ne a fata. Mutum ya tashi da safe da ƙuraje masu ruwa a wuya ko a fuska, sai a ce fitsarin gizo-gizo ne. Sau da yawa mai laifin wani ne: hangara da danginta, masu zuwa wurin fitila lokacin da hatsi ke bunni, na fitar da ruwa mai ƙona fata idan aka murƙushe su a jiki. Wani lokaci kuma ciwon da likitoci ke kira zona ne, wanda ƙwayar cutar ƙarambau ta farko da ta kwanta a jijiya ke tayarwa, mai fitowa a gefe ɗaya na jiki da zafi kamar wuta. Shi magani yake so da wuri. Akwai kuma wata halitta mai launin rairayi, mai manyan muƙamuƙai da gudun tsiya, da kan shigo tsakar gida da dare, wadda ake kira galéode da Faransanci. Kamanninta ya fi aikinta: tana cizo in an matsa mata, amma ba ta da dafi.

Abin da ke kisa a Sahel kunama ce da maciji. Wani nazari na 2008 ya ƙiyasta harbin kunama sama da miliyan 1.2 a shekara a duniya, da mutuwar fiye da mutum 3,250, kuma ƙananan yara ne suka fi shiga haɗari, kamar yadda mutanen Agadas suka sani sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara daga saran maciji. Gizagizai kuwa aiki suke yi wa manomi, don wani lissafi na 2017 ya nuna suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu duk shekara.

Yadda ake rage tsoron

Wannan na cikin matsalolin ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani, kuma maganin ba ƙwaya ba ce. Hanyar ita ce sabo, mataki-mataki. Wani masani ɗan Suwidin, Lars-Göran Öst, ya nuna tun 1989 cewa zama ɗaya na kimanin awa uku tare da ƙwararre na isar mutane da yawa. Gidan namun daji na Landan ma na da irin wannan shiri tun 1993.

Ana farawa da abin da mutum zai iya jurewa, misali hoto. Ya tsaya a kansa har bugun zuciyar ya lafa da kansa, domin wanda ya gudu tsoron na kan ganiyarsa ya ƙara masa ƙarfi ne. Sai bidiyo, sai ƙaramin gizo-gizo a rufaffiyar kwalba a can ƙarshen ɗaki, sai a matso da ita, sai ya riƙe kwalbar. Matakin ƙarshe mai amfani a rayuwar yau da kullum shi ne ya iya kifa kofi a kan gizo-gizo, ya zura takarda a ƙarƙashi, ya kai shi waje. Babu buƙatar sayen tarantula don wannan. Na kusurwar ɗaki ya wadatar. Sharaɗin shi ne mai tsoron ne ke cewa a ci gaba. Jefa wa yaro gizo-gizo a jiki da sunan cire masa tsoro, ko yi masa dariya a gaban 'yan'uwa, mayar da aikin baya yake yi.

Idan tsoron na zuwa da shaƙewar numfashi ko yana hana barci da aiki, a fara da ma'aikacin lafiya na CSI mafi kusa, wanda zai iya turawa babban asibitin Zinder. Wanda kuma gizo-gizo ya ciza da gaske, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya ɗora tsumma mai sanyi, kada a tsaga kada a tsotsa. Idan yaro ne aka harba ko aka ciza cikin duhu ba a ga ko mene ne ba, sannan ya fara zufa, amai, dalalar miyau ko numfashi da ƙyar, a ɗauka kunama ce, a garzaya da shi asibiti a daren.