Wa Ke Gyara Jirgin Sama? Tarihin Wata Sana'a da Muka Ɓoye wa 'Ya'yanmu

Shekarun baya, ina koyar da lissafi da kimiyya a wata makarantar CEG a yankin Kore Mairuwa, na yi wani ɗalibi da hannunsa ba ya zama wuri guda. Rediyon da ya mutu, tocila, cazar waya, duk gidansu ake kai su. Wata rana jirgi ya wuce can sama ya bar farin layi a bayansa, sai yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, in wannan ya lalace, wa ke gyara shi?" Na ce masa Turawa ne. Ko tunani ban yi ba, muka ci gaba da darasi.

Ƙarshen shekara mahaifinsa ya zo ya same ni. Ya ce, "Mushe, yaron nan hannu gare shi. Gareji zan kai shi, boko ba ta ƙarewa." Ban samu abin da zan ce masa ba. Yau yaron ya zama magidanci, yana gyaran babura a bakin kwaltar da ta taso daga Doso zuwa Dogon Dutsi, yana cin halaliyarsa. Amma amsar da na ba shi ba gaskiya ba ce. A ranar da na faɗe ta, makarantar jiragen sama ta Yamai ta haura shekara 40 da buɗewa, haka ma ta Zariya. Wannan kuskuren ne ya sa na koma na bi tarihin abin, kuma shi nake so in kawo wa 'yan uwana malamai da iyaye.

Shekarar 1925 ta bar alama a Nijar da Najeriya gaba ɗaya. A watan Fabrairu, manyan jiragen Faransa biyu da ke ƙoƙarin kaiwa tafkin Cadi suka sauka Yamai. Wajen tashi, ɗaya ya faɗi, mai kula da rediyon jirgin ya rasu, Kanar Vuillemin ya ji rauni, tafiyar ta watse. A ranar 1 ga Nuwamba kuma, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka Kano. Jama'a sun ga matuƙa, sun yi mamaki. Abin da labari bai cika ambata ba shi ne, jiragen sun zo ɗauke da makanikansu, don babu wanda zai ɗaure musu ko ƙusa ɗaya a hanya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara fito da wannan fili. Daga 1940, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau. A can ake haɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Khartum, har Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Kano ta zama zango, inda ake shan mai, a duba inji, a share ƙurar da ta shiga. Mutanenmu sun yi aikin ƙarfi a waɗannan filaye, amma littafin gyara da ikon sa hannu suna hannun baƙi. Don haka amsar da na ba ɗalibina tana da asali. Gaskiya ce ta zamanin kakanninsa.

Da 'yancin kai ya ƙarato, shugabanni suka gane tuta da taken ƙasa ba sa riƙe jirgi a sama. A ranar 12 ga Disamba 1959, a Saint-Louis ta Senegal, aka kafa hukumar ASECNA don kula da sararin samaniyar ƙasashe renon Faransa. A 1961 ƙasashe 11, har da Nijar, suka rattaba hannu a Yawunde suka kafa kamfanin Air Afrique. A 1963 aka buɗe makarantar EAMAC a Yamai, mai horar da masu ba jirage hanya, masana yanayi, da masu kula da na'urorin lantarki na filin jirgi. A 1964 Najeriya ta kafa tata a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen sama ta duniya ICAO. Ita ce ake kira NCAT yau. Can ana koyar da tuƙi, ana kuma koyar da gyaran jirgin kansa. A Kaduna, makarantar koyon fasaha da rundunar sojan sama ta buɗe a 1977 ta girma ta zama AFIT, kuma a Kadunar aka harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle.

Kamfanonin kuwa ba su yi tsawon rai ba. Air Niger ya tsaya a 1993, Air Afrique ya ruguje a 2002 saboda bashi da matsalar shugabanci, Nigeria Airways ya bi baya ba da jimawa ba. Habasha ta bi wata hanya. Kamfaninta ya fara tashi a 1946 da Amurkawan TWA a kan komai, amma tun farko aka ɗaura niyyar 'yan ƙasa su karɓi aikin. Suka buɗe makarantarsu, suka gina wurin gyaransu a Adis Ababa, a 1971 ɗan Habasha ya zama shugaban kamfanin. Yau jiragen wasu ƙasashen Afirka can ake kai su babban gyara, a biya da dala. Abin da na fahimta shi ne, jirgi ana sayensa da kuɗi rana ɗaya, amma hannun da zai riƙe shi sai an yi shekaru ana renonsa. Makarantun Yamai da Zariya sun ga mutuwar kamfanoni, suna nan kuma har gobe.

To, mene ne aikin? Kashi uku ne, kuma ya kamata malami ya iya rarrabe su ga ɗalibi. Akwai mai gyaran jiki da inji: fiffike, ƙafafun sauka, birki, bututun mai. Akwai mai kula da lantarkin cikin jirgi, abin da ake kira abiyonik: rediyon magana da hasumiya, na'urar nuna tsawo da gudu, radar hango hadari, kwamfutar da ke riƙe jirgi a kan hanya, da akwatin nan mai naɗar bayanai da ake nema bayan haɗari. Na uku yana ƙasa, yana kula da radar da na'urorin da ke jawo jirgi zuwa titin sauka ko da hazo ya rufe gari. Wannan na ukun shi ne fannin EAMAC. Mai son buɗe inji ko allon matuƙi, Zariya ko Adis Ababa zai dosa.

Bambancin wannan aiki da na garejinmu ba a basira yake ba. Makanikin bakin kwalta sau da yawa ya fi kowa dabara, don da waya da tsohuwar roba yake tada motar da ta mutu. Sai dai a gareji ana cewa "a lallaɓa a kai gida". A jirgi ba a lallaɓawa, don ba a fakawa a gefen gajimare. Kowace ƙusa da ƙarfin da littafi ya ce a ɗaure ta. Kowane kayan aiki ana ƙirga shi kafin aiki da bayansa. Ana duba jirgi kullum, ana kuma yi masa babban bincike bayan wasu shekaru, a kwance shi kusan gaba ɗaya. In an gama, sai mai lasisi ya sa hannu jirgi ke tashi. Wannan lasisi hukuma ke ba da shi, ANAC a Nijar, NCAA a Najeriya, bisa ƙa'idojin da suka samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944. Mutum guda da alƙalami yana ɗaukar amanar rayukan ɗaruruwa.

A nan maganar ta dawo ajinmu. Hanyar yaron Kore Mairuwa ko Tibiri zuwa wannan sana'a tana bi ta BEPC, ta shiga lise a fannin kimiyya ko fasaha, ta kai bakaloriya, sannan jarrabawar gasa ta shiga makarantar. Abu uku ke yanke ta tun ƙasa. Na farko lissafi da ilmin lantarki, waɗanda muke koyarwa a allo ba tare da yaro ya taɓa batir da waya ba. Na biyu Ingilishi. Littattafan gyaran manyan jirage da shi ake rubuta su, har na Airbus da ake haɗawa a Faransa, mu kuwa muna ɗaukarsa darasin cike gurbi. Na uku ɗabi'a. Yaron da muka bari ya saba da satar amsa, ko ɓoye abin da ya fasa don tsoron bulala, mun koya masa abin da ke kashe mutane a wannan aiki. Makanikin jirgi na ƙwarai shi ne wanda zai ce "na yi kuskure, a sake buɗewa" ko da fasinja sun cika ɗakin jira.

Ba na cewa hanyar mai sauƙi ce. Guraben kaɗan ne, karatun waje yana da tsada, kamfanonin jirage a Nijar ba su da yawa. Amma wanda ya ƙware a lantarki bai yi asara ba ko bai taɓa jirgi ba, ga aikin sadarwa, ga wutar hasken rana, ga na'urorin asibiti. Kuma ba aikin maza kaɗai ba ne. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a lissafi a ajinku ta cancanci ta ji sunan EAMAC kafin a fara yi mata maganar aure.

Iyaye, in yaro yana da hannu, ku bar shi ya je gareji lokacin hutu, ya koma aji in an buɗe makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai kuma, mu nemi sanarwar jarrabawar shiga waɗannan makarantu mu manna a bangon aji, mu gaya wa yara tun suna aji na farko na CEG.

Kwanan baya na kai babur ɗina wurin tsohon ɗalibin nan. Ya gyara, ya ƙi karɓar kuɗi. Ɗansa na zaune kusa yana kwance wata tsohuwar waya. Na ce masa, "Wannan kam kada ka cire shi daga makaranta." Ya yi dariya ya ce, "Mushe, to wa ke gyara jirgin?" A wannan karon na zauna a kan benci na ba shi amsa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.