Beli a Idon Wanzami, Malami da Likita

Daga cikin gaɓoɓin bakin ɗan Adam, da wuya a sami wanda Bahaushe ya sha bamban a kansa kamar beli, wato ɗan naman nan da yake reto a ƙarshen hanɗa, wanda wasu ke kira belu ko hakin wuya. Wannan maƙala za ta dubi yadda rukuni uku na masana suka ɗauke shi.

Na farko su ne wanzamai. Bisa al'ada, a cikin makon haihuwa, sau da yawa ran suna, wanzami kan cire wa jariri beli, domin an yi imani cewa in an bar shi zai kumbura ya hana haɗiya, ya jawo amai da tari. A wurinsu, ke nan, beli cuta ne da ke jiran ranar tashi.

Na biyu su ne malamai. Tun ƙarni na 8 Halilu ɗan Ahmad ya jingina ƙaf da kaf na Larabci ga wannan gaɓa, malaman tajwidi kuma suka gaji bayanin a babin mafitar haruffa. Hausa kuwa ba ta da sautin da ake furtawa a beli. Shi ya sa ƙaf ta koma /ƙ/ a kalmomin aro, alal misali alƙali da alƙalami. Bayan kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, da bunƙasar koyar da Hausa cikin Hausa, sai manazarta suka keɓe wa kowane sashe na rufin baki sunansa: hanƙa, ganɗa, hanɗa, sa'an nan beli. Daga nan aka sami bahanƙe kamar /t/, baganɗe kamar /y/, da bahanɗe kamar /k/. Ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da littattafan M.A.Z. Sani, sun daɗa tabbatar da irin waɗannan kalmomi a makarantu.

Na uku su ne likitoci. An kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988, mazauninsa kuwa yana Gyaɗi-Gyaɗi, kan hanyar Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. A ilmin likitanci beli gaɓa ce mai aiki: tare da hanɗa yake toshe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma taimakawa wajen jiƙa maƙogwaro. Yanke shi da aska kan jawo zubar jini mai yawa, ko cutar sarƙe haƙora, ko ciwon hanta in askar ba ta da tsabta.

Abin lura shi ne, likita ba shi da wata kalmar da zai yi wa uwar jariri bayani da ita sai wadda wanzami ya saba da ita. Muddin uwa ta ji "beli" ta fahimci cuta, gargaɗin asibiti ba zai shiga kunnenta ba. Nan ne aikin malamin Hausa yake: ya koyar da beli a matsayin halitta, tun daga firamare.