Hadiza

Hadiza sunan mata ne da ya samo asali daga Larabci, wato Khadija. A Larabci ma'anarsa yarinyar da aka haifa kafin watanninta su cika, wadda Bahaushe ke kira bakwaini. Amma ba don wannan ma'ana iyaye ke raɗa shi ba. Darajarsa daga Nana Khadija 'yar Khuwailid take, attajirar Makka, matar Annabi Muhammadu (SAW) ta farko, wadda ta riga kowa ba da gaskiya da shi. Ta rasu wajen shekarar 619 Miladiyya.

A ƙasar Hausa akan ce Hadizatu, Dije ko Dija, ana kuma yi wa mai sunan laƙabi da Kubura. A Malanville, garin kasuwa na arewacin Benin da ke fuskantar Gaya a tsallaken kogin Neja, inda Dandawa, Hausawa, Zabarmawa da Fulani ke cuɗanya, takardun hukuma kan rubuta shi Hadizatou, bisa ƙa'idar Faransanci.

Turkawa kuwa Hatice suke rubutawa, su furta Hatije. Cikin fitattun masu sunan akwai Turhan Hatice, mahaifiyar Sarkin Daular Usmaniyya Mehmed na Huɗu, wadda ta ƙarasa ginin masallacin Yeni Cami a Istanbul, aka buɗe shi a 1665.